Sauron Fatakwal Ya San Ta

Alhamis, bayan la'asar

An kore mu daga ɗakin, wai masu jinya su fita za a goge ƙasa. Ga ni a benci a baranda, ruwan sama yana ta zuba kamar yadda ya saba a garin nan, ba ya shawara da kowa. Maigidana Alhaji Gimba yana can ƙarshen bencin da carbinsa. Tun ranar Litinin da muka kawo ta asibitin nan, maganarsa da ni ba ta wuce “Hajiya, kin ci abinci?” ba. Ni kuwa in ban yi magana ba kaina ciwo yake yi, shi ya sa na sayi wannan littafin a bakin ƙofar asibiti.

'Yar nan ce ba lafiya. 'Yar farina. Ba zan rubuta sunanta ba, don ban taɓa kiran sa da bakina ba. A gidanmu haka muka taso muka gani: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wani ya ɗaga shi. Ko a unguwa Maman Aslam ake ce mini, alhali Aslam ƙaninta ne. Ita kuma Yaya take ce mini.

Shekara shida tana Misra da mijinta Muhyiddeen, yana karatu yana koyarwa. Duk tsawon nan ba ta samu ciki ba sai bana. Da ya shiga wata bakwai sai ta zo gida goyon ciki, kamar yadda kowace 'ya take zuwa gaban uwarta ta yi haihuwar fari. Ta zo. Iyakar abin da zan ce ke nan, ta zo.

Zazzaɓin cizon sauro ne, in ji su. Maleriya fa! Abin da nake yi in haɗiyi ƙwaya biyu in ɗaura zane in tafi kasuwar Oil Mill in wuni ina auna kuka da busasshiyar kuɓewa. Shi ne ya kwantar da mace kamar wannan, da robar ƙarin ruwa a hannu, ba ta ma gane mutane sosai.

Juma'a, da hantsi

Likitar da ke duba ta sunanta Dakta Ibiso, 'yar Kalabari ce, siririya, ta aske gashi kamar namiji. Da farko na raina ta. Yau ta zaunar da ni tana yi mini tambayoyi da buroka, Turancin nan na kan titi, ni ma ina ba ta amsa da burokata ta 'yan kasuwa.

Ta ce ko 'yar nan ta je awo tun da ta sauka. Na ce ba ta je ba, na ce ta huta gajiyar jirgi tukuna. Ta ce ai a wurin awon ne ake ba masu ciki maganin kariya daga zazzaɓin. Ta ce ko tana kwana cikin gidan sauro. Na kalli silifas ɗina. Ta ce yaushe zazzaɓin ya fara, me aka ba ta. Na ce ya ɗan kwana biyu, na yi mata sirace da ganyen darbejiya, na ba ta farasitamol, na ɗauka irin zafin jikin nan ne na masu ciki.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ni ce ma na ɗaga murya. Na ce, “Likita, yarinyar nan a Fatakwal ta yi wayo, a nan ta yi makaranta, a nan aka ɗaura mata aure. Sauron garin nan ya san ta!”

Ta ce, “Mama, mosquito sabi am. Na her blood don forget.”

Wai jininta ne ya manta. Ta ce mu da muke nan, sauro yana cizon mu damina da rani, kowane cizo jini yana ƙara sanin cutar, yana ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin garkuwa da suke gane ta su kama ta. Shi ya sa ni nake yin zazzaɓin a tsaye. Amma in mutum ya bar ƙasar sauro ya daɗe, garkuwar nan sai ta yi ta raguwa. In ya dawo, sai cutar ta same shi kusan kamar baƙo.

Baƙo. A gidan ubanta.

Na tambayi ɗan cikin. Ta ce zuciyarsa tana bugawa, za su ci gaba da saurare.

Juma'a, bayan magariba

Maganar nan ta sauron garin nan ya san ta, ba yau na fara faɗarta ba. Ba zan rubuta inda na fara faɗa ba, ko wanda na faɗa wa.

Asabar, da azahar

Jikin ya yi zafi sosai ɗazu, haƙoranta har haɗuwa suke. Tana ta sambatu. Sai na ji ta ce, “Inna, sanyi. Inna, ki rufe ni.”

Inna mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka yaye 'yar nan Inna ta zo har Fatakwal a motar shanu, don ita ba ta yarda da bas ba, ta goya ta ta tafi da ita Gwarzo. Ban raka su tasha ba, ba a yi. Na shiga ɗaki na yi ta tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Sai da ta isa shiga makaranta aka dawo mini da ita, ta iya gaisuwa, ta iya durƙuso, tana kallo na kamar wata 'yar uwar ubanta.

To yau da ta kira Inna, na duba ba kowa a kusa, Alhaji ya tafi alwala. Na ce, “Na'am.” Na ja bargon na rufe ta. Na sa hannu na shafa kanta tun daga goshi har ƙeya, tunda a zatonta Inna ce, ba ni ba. Gashinta irin nawa ne, mai tauri a tsakiya. Ban san haka ba sai yau.

Ina son yarinyar nan. Na fi son ta a kan sauran bakwai ɗin, Allah ya yafe mini, su ma kada su ji.

Lahadi, da la'asar

Jininta ya yi ƙasa, sun ce sai an ƙara mata. Kafin su rufe baki na naɗe hannun riga. Aka tsaga mini ɗan yatsa aka gwada, aka dawo aka ce jininmu bai zo ɗaya ba. Na ce su sake gwadawa, ni na haife ta, wata tara tana cikina, da jinin wa ta rayu? Mai gwajin ya ce yana faruwa, na ubanta ta ɗauko.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abu ɗaya da zan iya ba ta a gaban kowa ba wanda zai ce na yi rashin kunya, shi ma an ce ba nawa ba.

Na Alhaji aka ɗiba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai shanu mayanka, yana tsallake jini da takalmin roba kullum safiya, yana ganin allura sai ya juya fuska bango yana salati da ƙarfi. Da aka gama ya miƙe zai nuna jarumta, jiri ya kwashe shi, wata nas mai ƙiba ta tare shi. Na yi dariya har da hawaye, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Ya zauna kusa da ni yana shan lemon da aka ba shi, ya ce, “Hajiya, nawa da naki ai duk ɗaya ne.” Na ce ba ɗaya ba ne, yanzu aka gwada.

Litinin, da safe

Ta sha kunu cokali kaɗan. Ba ta amayar da shi ba.

Talata, bayan azahar

Na je gida ɗauko kaya. Maƙwabciyata Haulatu ta riƙe mini gidan, har ta kwashe mini shanyar kuɓewa kafin ruwa.

Na shiga ɗakin da na gyara wa 'yar nan. Sabon gado, sabon labule mai ruwan zuma da na sa aka kawo mini daga Anacha, fenti har yanzu yana ƙamshi. Tun watan azumi nake gyaran ɗakin nan. Na riga na tanadi itacen wankan jego, na sayi babbar tukunya, na ajiye kanwa da yaji. Al'ada ta hana ni ita tun tana jaririya, al'adar ce kuma ta ce in cikin fari ya tsufa a kawo mini ita in yi mata wanka da hannuna, in dafa mata, in kwana ɗaki ɗaya da ita, ba mai cewa komai. Wannan lokacin nake jira tun ranar da Inna ta goya ta.

Gidan sauron da aka raba mana bara yana bayan gida, shi nake rufe shanya da shi saboda ƙuda. A sabon ɗaki da sabon labule ai ba zai yi kyau ba. Na ciro shi, na wanke, na ɗinke inda ɓera ya ci, na buga ƙusa huɗu a sabon fentin na rataya shi. Haulatu tana tsaye tana miƙo mini ƙusoshin, Allah ya saka mata.

Ina cikin keke a hanyar dawowa Muhyiddeen ya kira. Ya gaishe ni cikin ladabi kamar kullum, “Umma, ya mai jiki? Ya ƙoƙari?” Ya ce yana neman jirgi. Bai tayar da waccan wayar ta watan azumi ba, wadda ya ce ko a bari ta haihu a can, likitarta tana tsoron tafiyar. Bai tuna mini amsar da na ba shi ba. Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi.

Laraba, da la'asar

Yau kasuwar Oil Mill take ci. Laraba ta biyu ke nan ba na rumfata, abin da rabona da yi tun haihuwar autana.

Zazzaɓin ya sauka. Amma Dakta Ibiso ta kira mu ofis ni da Alhaji, ta ce yanzu ɗan cikin ne abin lura. Ta zana mana mabiyiya a takarda, ta ce nan ne ɗa yake samun abinci daga uwa. Cutar nan in ta samu mai ciki sai ta sake riga, ta je ta manne a jikin mabiyiyar ta tare hanya. Garkuwar da mace take da ita tun tana budurwa ba ta san wannan rigar ba, don ba a ganin ta sai a cikin ciki. Shi ya sa cikin fari ya fi haɗari, ko ga wadda ba ta taɓa barin gari ba. A ciki na biyu jini ya fara gane ta. A na uku ya ƙara.

Sai ta ce, “Mama, how many you born?”

Na ce takwas, duk a garin nan.

Ta ajiye biro. Ta ce to mai yiwuwa jinina cike yake da irin garkuwar da 'yar nan ba ta da ita, wadda take hana cutar mannewa.

Na miƙe tsaye. Na ce to me ake jira? A tace a ba ta! Ta ce ba a kai nan ba tukuna, in zauna. Amma akwai masu bincike da take aiki da su, suna karɓar ɗan jini kaɗan daga matan da suka haihu da yawa a inda sauro yake. Suna ware ƙwayoyin garkuwar ɗaya bayan ɗaya, su ga wacce ce ta fi iya riƙe cutar, kuma a ina take kama ta. In sun gane wurin, shi za su kwaikwaya su sa a allurar riga-kafi, a yi wa yarinya tun kafin ta yi cikin fari, jininta ya koya ba tare da ta sha wuyar da muka sha ba. Ta ce ta ƙananan yara an fara yi a wasu jihohi, ta masu ciki ce har yanzu ake nema.

Ni ban gama ganewa ba, sai Alhaji ya gyara zama. Ya ce, “Wato dai kowace dabba da inda ake kama ta. Sa a ƙaho da hanci, akuya a ƙafa, kaza a fiffike. In ka kama sa a wutsiya, jan ka zai yi. Su nema suke su ga inda jinin Hajiya yake kamawa.”

Na mayar mata da buroka. Ta yi dariya ta buga tebur, ta ce haka ne daidai.

Na ce to wannan allurar za ta iso 'yar nan? Ta ce a'a, Mama. Wataƙila abin da ke cikinta, in mace ce, in ta girma.

Alhamis, da hantsi

Na bayar da jinin. Sai da aka karanta mini bayani aka tambaye ni ko na yarda har sau biyu, kamar ana ɗaurin aure. 'Yar kwalba ce ba ta kai ɗan yatsana ba. Na ce su ƙara, suka ce ya isa. Ban juya fuska bango ba, a gaya wa Alhaji.

Haulatu ta kawo mana tuwo, na ba ta labari. Haihuwarta goma. Ta ce, “Maman Aslam, ki rufa mini asiri. Jinin mutum a kwalba a garin nan? Kin san inda za a kai shi?” Na ce na sani, inda za a duba shi ne a ga abin da haihuwa goma ta koya masa, tunda ke ba ta koya miki komai ba. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da bakina. Ta tambayi ko da zafi. Kafin ta tafi ta leƙa ɗakin, ta daɗe tana kallon 'yar nan tana barci. Da ta fito sai ta ce in nuna mata ofishin.

Lahadi, bayan azahar

Yau ta zauna da kanta. Ta ce kanta yana ƙaiƙayi, kitson ya tsufa. Na ce bari in nemo mai kitso. Ta ce, “Yaya, ke ba ki iya tsifa ba ne?”

Na zauna a bayanta na tsefe mata. Matar gadon kusa tana kallon mu, na yi kamar ban gan ta ba. Na ba ta labarin kwalbar jinin da maganar kama sa, ta yi dariya tana riƙe ciki. Ta ce ita ma Dakta Ibiso ta gaya mata wani abu: wai kowace uwa tana zuba wa ɗanta garkuwarta ta cibiya kafin ya fito, ita take tsare jariri watannin farko kafin ya fara ƙera tasa.

Ta ce, “Kin ga ashe kin taɓa ba ni, Yaya. Kika tayar wa mai gwaji da hankali a banza.”

Na ci gaba da fama da wani ƙulli a ƙeyarta.

Can ta ce, ba ta juyo ba, tana nufin mijinta, “Ranar da kika yi waya da Malam, na riga na gaya masa zan zo. Ko ba ki ce komai ba zan zo. Ina so in ga yadda za ki yi da ni.”

Na ce ta daina motsi, tana sa ina ja mata gashi.

Laraba, da safe

Tun jiya ɗan bai motsa sosai ba. Sun kawo na'urar saurare sun mayar, sun sake kawowa.

Alhamis, bayan la'asar

Sun shiga da ita tiyata da hantsi. Dakta Ibiso ta ce abinci ba ya isa wurin ɗan, gara a fito da shi ko da bai cika wata ba. Alhaji ya sa hannu. Da ana tura gadon ta kalle ni, na ce, “Allah ya raba lafiya.” Abin da kowace maƙwabciya za ta ce ke nan.

Mace ce. An nuna mini ita ta gilashi, an sa ta a kwalba. Ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba, ƙafarta kamar babban yatsana. Amma ta yi kuka, na ji da kunnena.

Uwar ta zubar da jini da yawa. Aslam ya zo daga Inugu, nasa ya yi daidai, an ɗiba.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Ba ta farka ba.

An ce a jira. Na iya jira, ai na daɗe ina yi.

Asabar, da yamma

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ba zan iya rubuta na yau ba.

Talata, da hantsi

Muhyiddeen ya iso jiya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a baranda, na ja mayafi na rufe fuska, kunyar surukuta da ta wani abin. Na buɗe baki zan yi magana ya riga ni, ya ce, “Umma, an ce har jini kika bayar saboda jikarki.” Na ce ɗan kaɗan ne.

Jaririyar ta fara karɓar nono ta 'yar roba. Dakta Ibiso ta ce in ta ci gaba haka za a fito da ita daga kwalba. Ta ce wuyar nan da uwar ta sha ba ta tafi a banza ba, jininta ya fara gane rigar, ciki na gaba ba zai same ta baƙuwa ba. Amma awo da magani da gidan sauro, ta ɗaga mini yatsa. Na ce na ji, har ƙusa na buga.

Uban ya yi mata huɗuba ta jikin gilashi. Hajara ya sa, sunana. Tunda uwar ba za ta iya kiran sunan ba, ga na uwa ga na 'yar fari, Ummi za a riƙa ce mata. Na ce a bar ta ta yi wa 'yarta wasa dai, kowa ya gani. Alhaji ya kalle ni ta saman tabarau.

Alhamis, bayan azahar

Yau zan rubuta na ranar Asabar.

Da hantsi ne. Alhaji da Aslam sun tafi wurin jaririyar, daga ni sai Haulatu a bakin gadon. Tana kwance tun Alhamis, leɓɓanta sun bushe, numfashi kawai. Dakta Ibiso ta shigo ta ɗaga fatar idonta, ta duba na'ura, ta ce komai yana dawowa daidai, saura ita ta taso. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Mama, talk to am. Call her name. She go hear you.”

Wai in kira sunanta, za ta ji. Ta fita abinta. Ita ba ta san abin da ta ce in yi ba.

Haulatu ta sani. Ta dube ni, ta ɗauki fulas ɗin da yake cike, ta ce bari ta samo ruwan zafi.

Na matsa kusa. Na ce, “Ke.” Na ce, “Ke 'yar nan, tashi mana, kin samu mace.” Shiru. Na gwada muryar Inna, na ce ga Inna ta zo. Ko gezau. Na riƙe hannunta, duk ya sha huda, na tuna ni na kira ta garin nan, ni na ce sauro ya san ta, ga shi ni da na haife ta ko kiran ta ban iya ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga za ta iya tafiya ba ta taɓa jin sa a bakina ba.

Sunan ya yi mini nauyi a harshe. Na farko bai fito ba, iska ce kawai. Na biyu ya fito a shaƙe kamar na mai mura. A na uku na sa bakina a kunnenta na kira shi sosai, yadda Inna take kiran sa daga tsakar gida in an gama tuwo.

Yatsunta suka motsa a cikin nawa. Idon ya daɗe kafin ya buɗe, ya yi yawo a silin, ya sauko kaina. Ta motsa baki, na kai kunne.

Ta ce, “Ashe kin san shi, Yaya.”

Na ce ni da aka raɗa shi ina ɗaki ina ji, ya za a yi in rasa sani.

Ta lumshe ido, na ɗauka ta koma. Sai ta ce, “Sake.”

Haulatu ta riga ta dawo, tana tsaye a bakin ƙofa da fulas a hannu. Matar gadon kusa ma ta tashi zaune. Na gan su duka biyun. Na sake, da ƙarfi.

Kamila. Kamila, 'yata.